Ya bar ni a tsakiyar dutse ya tafi ɗaukar hoto, ku yi mana shari'a

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙara na kawo, kuma wanda nake ƙara yana cikin zauren nan, don haka ba gulma ba ce. Baban Hanifa, ka bari in kai aya kafin ka sa baki.

Makon jiya muka ɗauki hutu, muka tashi daga Melbourne zuwa Darwin da ke arewacin Ostiraliya a jirgi, muka yi hayar mota muka gangara garin Katherine, tafiyar kilomita 320 ko kusa da haka. Washegari muka nufi Nitmiluk, wani gandun daji mai babban kwazazzabo da kogi a cikinsa, kamar kilomita 30 daga gari. Ni niyyata mu shiga jirgin ruwa mu zauna a inuwa a yi ta nuna mana duwatsu. Shi kuwa idonsa ya faɗa kan wani allo: Baruwei, wurin hangen kogi daga sama, kilomita 1.8 zuwa da dawowa. Ya ce, "Wannan ai ko tsohuwa da sanda ta yi shi." Lokacin ƙarfe 11 saura na safe, ƙarshen Oktoba. Gorar ruwa ɗaya tal muka riƙe, 'yar ƙarama, sauran muka bar su a mota wai kada su yi mana nauyi.

A farkon hanya akwai bishiyoyi cike da jemagu, suna rataye suna ta fifita da fikafikansu. Da ina da wayo daga nan ya kamata in juya. Dabbar da aka haifa a wurin ma fifita take yi, ni baƙuwa ina zan je?

Can sai hanya ta miƙe tsaye. Matakala bayan matakala, ka ce ga ta ƙarshe, ka sha kwana ka tarar da wata. Dutsen yana huci kamar bakin murhu. Sau ɗaya na dafa shi don in huta, ban sake ba. Ga ƙudaje sun nace wa idona da gefen bakina, ga wasu ƙwari a bishiyoyi suna wani kuka mai huda kunne wanda ba ya yankewa. Mun ci kamar kashi biyu cikin uku sai na fara jin bugun zuciyata a cikin kunnena, kaina ya sara, ƙafafuna suka zama kamar na aro. Na samu wata 'yar inuwa a gindin dutse wadda ba ta fi faɗin dadduma ba, na zauna.

Bawan Allahn nan ya dube ni, ya miƙo mini gorar, ya ce, "Ki huta, minti goma in leƙa in dawo." Na duba agogo da ya tafi, na duba da ya dawo. Minti talatin da biyar. Tambayata: daidai ne mutum ya bar matarsa a wannan hali don ya je ya ga kogi?

Uwar Biyu:
Innalillahi. Sannu ƙanwata. Ni tun daga "gorar ruwa ɗaya" raina ya ɓaci, ban ma kai wurin tafiyar tasa ba.

Ɗan Autan Zaure:
Anti Maman Hanifa ki yi haƙuri, amma kilomita 1.8 fa kika ce. Zuwa da dawowa. Wato mita 900 kenan zuwa. Mu da muka tashi cikin rana, har mu bari a ji mita 900 ta kayar da mu? 😂

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. To, tunda an kawo ni gaban alƙalai, bari in faɗi nawa. Ban musa ko ɗaya daga abin da ta faɗa ba, sai dai akwai wanda ta tsallake.

Na farko, da ta zauna na tambaye ta har sau biyu ko mu koma. Ta ce a'a, gajiya ce kawai, in je. Bakinta ya faɗa. Na biyu, ruwan gaba ɗaya na bar mata, ni na hau da busasshen maƙogwaro. Na uku, hanyar ba daji ba ce da babu kowa, muna ta cin karo da masu saukowa. Kuma daga inda muke ina hangen saman, na ɗauka taku kaɗan ne. Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da na isa kuwa, ni dai ban san yadda lokaci ya tafi ba. Kana tsaye a bakin dutse, ƙasa can ga kogin Katherine kore shar ya kwanta tsakanin bango biyu na jan dutse, a miƙe kamar an sare su da gatari. Jirgin ruwan da take son mu shiga na gan shi yana tafe kamar kwalin ashana. Wata iska ta bugo ni, ita ce ta farko tun da muka bar mota. Na ce bari in ɗauko mata hotuna tunda ba ta samu zuwa ba. Niyyata kenan, Allah shi ne shaida.

Laifin da na yarda da shi guda ɗaya ne: ruwan da na ce a bari a mota.

Maman Hanifa:
Ka faɗa musu wa ya turo ka ka sauko.

Baban Hanifa:
Wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji. Su suka wuce ta a hanya suka hau. Tsohuwar ta zo ta tsaya a gabana ta ce ko ni ne mijin matar da ke zaune a ƙasa. Na ce ni ne. Ba ta ƙara ko kalma ba, kallona kawai ta yi. Kallon ya ishe ni.

Maman Hanifa:
Wannan tsohuwa ba zan manta da ita ba. Ta kai shekara saba'in, da malafa mai faɗi da wata 'yar raga a fuska saboda ƙudaje. Da ta gan ni ta tsuguna, ta tambayi sunana da ranar da muke ciki. A raina na ce ji wata tambaya. Sannan ta buɗe jakarta, gora uku a ciki, ta tsiyaya ruwa a gefen mayafina ta ɗora mini a ƙeya, ta ce in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Sanyin da ya bi bayana a lokacin har yanzu ina jin sa. Mijinta ya tsaya ya tare mini rana da jikinsa. Mijin wata, jama'a.

Anti Nas:
Bari in shigo nan, don abin ya wuce wasa. Ɗan Auta, dariyarka ce ta sa na ajiye abin da nake yi.

Maman Hanifa, tambayar da tsohuwar ta yi miki ba ta banza ba ce, gwada hankalinki take yi. Abin da kika lissafa, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, sanyin ƙafafu, jiri, wani lokaci har da tashin zuciya da ɗaurewar jijiya, alamun galabaita ne daga zafi. A wannan mataki mutum yana cikin hayyacinsa, inuwa da ruwa da hutu kan dawo da shi. Matakin da ke gaba shi ne abin tsoro: zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Mutum ya kama sambatu, ko ya rasa inda yake, ko ya yi ta tangaɗi kamar mashayi, ko ya faɗi. Wannan yana kisa, kuma tsakanin na farko da na biyu ba lallai a ɗauki dogon lokaci ba.

To ga inda maganar "ita ta ce in je" take rushewa, Baban Hanifa. Abin da zafi yake fara taɓawa shi ne tunanin da mutum zai gane cewa yana cikin haɗari. Wanda ya fara rikicewa shi ne mai cewa lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ba a barin sa shi kaɗai ya zama alƙalin kansa. Da ta sume bayan tafiyarka, gorar da ka bar mata wa zai ba ta? Kai, wanda ya sume ma ba a ɗura masa ruwa a baki, sai dai a kwantar da shi ta gefe, a jiƙa masa jiki, a sa sanyi a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, a kira agaji.

Sannan ku yi lissafin ruwan. Mai hawan dutse cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita guda na gumi a awa ɗaya, wani ma fiye. Ku biyu, 'yar gora ɗaya.

Ɗan Autan Zaure:
Na ji Anti, na janye dariyar. Amma har yanzu ina mamaki. Wanda ya saba da rana tun yana yaro ai jikinsa daban ne.

Anti Nas:
Sabo da zafi ba gado ba ne, ɗana, ba kuma a ajiye shi a banki. Jiki yana koyonsa ne cikin mako ɗaya zuwa biyu na zama da aiki a cikin zafin: ya fara gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri. In ka bar zafin na 'yan makonni sabon ya zube. Su da suka fito daga Melbourne, inda sanyi bai daɗe da ɗagawa ba, suka sauko daga mota mai na'urar sanyi, jikinsu bai san wata rana ta yarinta ba.

Abu Sumayya:
Ni a Darwin nake zaune, na je Nitmiluk ya fi a ƙirga. Baban Hanifa, da ka kira ni kafin ku taso da duk wannan shari'a ba ta taso ba.

Kun zo a mafi munin lokaci, kuma a mafi munin sa'a. Arewacin Ostiraliya yanayi biyu gare shi, rani da damina. Daga Mayu zuwa wajen Satumba sama garau, iska a bushe, a Yuni da Yuli zafin rana a Katherine kan tsaya wajen digiri 30, da dare har ka nemi bargo. Lokacin baƙi kenan. Amma Oktoba da Nuwamba, hadari yana ta taruwa ruwa ya ƙi sauka. Zafi yakan kai 37 zuwa 38 kusan kullum, ga laima a iska. Laimar nan ita ce muguwar. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, to a irin wannan iska ba ya bushewa, sai dai ya yi ta zuba kana asarar ruwa a banza.

Ƙari a kan haka, hukumar gandun da kanta tana gargaɗin cewa saman dutsen yakan fi bakin kogi zafi da kamar digiri 10. Dutsen yashi ne, yana shan rana tun safe yana mayar maka da ita ta ƙasa. Bishiyoyin saman kuma 'yan tsiraru ne, inuwarsu kamar ta rariya. Ku haɗa 38 da 10 ku gani.

Mutanen nan in za su hau Baruwei, ko dai da sassafe rana ba ta fito sosai ba, ko kuma da yamma lis don kallon faɗuwar rana, su riƙe tocila saboda saukowa. Tsakar rana ta baƙi ce. Kuma kowa ya riƙe lambar gaggawa ta ƙasar nan, 000, amma kada ya dogara da waya, don cikin duwatsun nan ba ko'ina take kamawa ba.

Mai Takalmin Ƙarfe:
Ni zan ɗan saɓa wa jama'a. Kowa ya taru a kan Baban Hanifa, amma ina ganin kuskuren ya faru tun a gaban allon, kuma na su biyu ne. Lambar da ke jikin allo tsawo kawai take faɗa maka. Mita 900 a shimfiɗe da mita 900 a tsaye sunansu ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba. Na taɓa yin kilomita goma sha a fili ban ji komai ba, na kuma taɓa zama ina haki kamar kare a hawan da bai kai kilomita ɗaya ba. Gajeriyar hanya ma ta fi yaudara, domin doguwar kowa yana jin tsoronta ya shirya. A wannan gandun akwai ta Jatbula, kilomita 62, kwana biyar zuwa shida ana tafiya, ba wanda zai tunkare ta da 'yar gora. Amma 1.8 sai a raina ta.

Game da rabuwa kuwa, ba kullum take zama laifi ba. In mutum ya gurɗe a ƙafa, hankalinsa garau, yana inuwa, abokin tafiya zai iya barin sa ya je neman taimako. Bambancin shi ne me ya raba ku. Tafiya neman agaji daban, tafiya neman hoto daban.

Baban Hanifa:
Malam, na ɗauka ka zo ceto na ne, ashe kai ma da wuƙarka ka zo.

Uwar Biyu:
Ni tambayata ga Maman Hanifa ce, kuma tsakani da Allah. Da ya tambaye ki sau biyu, me ya sa kika ce ya je? Na san halinmu. Sai mace tana mutuwa ta ce ba komai, tana jira a gane da kai.

Maman Hanifa:
Yaya, kin kama ni. Gaskiya biyu ce. Ta farko, kunya. Tsofaffi suna wuce ni, ga shi ya riga ya ce ko tsohuwa ta yi, sai in zama ni ce na kasa? Ta biyu, na san tun daga gida yake maganar wurin nan, ya nuna mini hotonsa ya fi sau ashirin. Ban so a ce ni na hana shi. Amma ko da nake cewa ya je, zuciyata cewa take kada ka tafi. Na zaci zai ga fuskata.

Baban Hanifa:
Na ga fuskar. Na ɗauka haushina kike ji saboda jirgin ruwan.

Maman Hanifa:
Shi ma ina ji.

Kawu Dattijo:
To ai kun gama shari'ar da kanku, mu 'yan kallo ne. Ni dai abin da ban gane ba tun farko, mutum da kuɗinsa da lafiyarsa ya bar inuwa ya je yana hawan dutse da tsakar rana, ba a kore shi ba, ba abin da ya ɓace masa a can. Mu a da in ka ga mutum a kan dutse to akuya yake nema. Amma tunda abin zamani ne, ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ke kuma 'yata, ciwo ba a yi masa kara.

Wani ya gaya mini, shi wannan suna Nitmiluk na wane yare ne? Ban ji ya yi kama da Turanci ba.

Abu Sumayya:
Kawu, ba Turanci ba ne. Harshen Jawoyn ne, mutanen da ƙasar take tasu tun kafin zuwan Turawa. Ma'anarsa wurin wannan ƙwaron mai kuka, shi ɗin dai da ya hana Maman Hanifa sakat a kunne. Sunan Katherine kuwa wani Bature mai ratsa ƙasa, John McDouall Stuart, shi ya raɗa wa kogin a 1862, sunan 'yar wanda ya ɗauki nauyin tafiyarsa. An daɗe ana kiran wurin da sunan Turawan, sai a 1989 aka mayar wa Jawoyn ƙasarsu bayan doguwar shari'a, yanzu su da gwamnatin yankin suke tafiyar da gandun tare.

Kuma abin da Baban Hanifa ya hango somin-taɓi ne. Kwazazzabai 13 ne a jere, kogin ya yanka su cikin dutsen da ya haura shekara miliyan 1,600. Da rani ruwa yakan ja baya, duwatsu su raba su, shi ya sa in ka shiga jirgin sai an sauke ka a ƙarshen na farko ka taka ƙasa ka shiga wani jirgin a na biyu. Da damina kuwa duk su haɗe su zama ruwa ɗaya mai ƙarfin gaske. A Janairun 1998 kogin nan ya cika ya shanye garin Katherine.

Ɗan Autan Zaure:
To me ya hana ku faɗawa kogin ku huce bayan kun sauko? Ni da shi zan fara.

Abu Sumayya:
Ɗan Auta, kai kullum sai ka nemo wata hanyar mutuwa. Akwai kadoji. Na ruwan daɗi, masu siririn baki, suna nan kullum, ba su cika kula mutum ba in bai tsokane su ba. Amma in ruwa ya yi yawa, manyan, na bakin teku, sukan biyo kogi su shigo, su kuwa mutum abinci ne a wurinsu. Sai ma'aikatan gandun sun bincika sun tabbatar babu su kafin a buɗe wurin wanka da kwale-kwale. In allo ya ce a rufe yake, to a rufe yake.

Anti Nas:
Abu ɗaya na manta. Kada wani ya karanta maganata ya je ya ɗura wa cikinsa lita biyar lokaci guda. Gumi da gishiri yake fita, in ka yi ta mayar da zallan ruwa fiye da kima gishirin jini yakan yi ƙasa, shi ma yana kayar da mutum. A sha tun kafin a fara hawa, a riƙa kurɓa a hanya, a haɗa da ɗan abin taunawa mai gishiri ko ƙullin nan na gishiri da sukari. Maman Hanifa, yaya jikin ya kasance da dare?

Maman Hanifa:
Kaina bai daina sarawa ba sai bayan isha, Anti. Saukowar ma wani aiki ce, gwiwoyina suna rawa, yana gaba ina dafe da kafaɗarsa taki ɗaya-ɗaya. Da muka isa mota ruwan da muka bari ya yi zafi kamar na wanka, haka muka shanye gora biyu a tsaye ba mai ce wa wani uffan.

Amma don kada a ce na ɓoye alherinsa: washegari shi ya tashe ni tun duhu bai gama yayewa ba. Ya goya jaka da gora shida, ya sayo mini malafa. Muka hau kafin ƙarfe bakwai, na tsaya hutawa sau huɗu, duk inda na tsaya ya tsaya. Na ga kogin da idona, rana tana taɓa saman bangon, ƙasan yana cikin duhu tukuna.

Uwar Biyu:
Ah to! Kika bari muka yi ta zubar da yawu a kansa alhali an riga an shirya?

Maman Hanifa:
Ba a gama shiryawa ba, Yaya. Jirgin ruwan har muka baro garin ban shiga ba, kuɗin tikitin ranar farko kuma ya bi ruwa. Wannan ƙarar daban ce.

Baban Hanifa:
Abu Sumayya, Yuni ka ce ko Yuli?

Abu Sumayya:
Kowanne. Amma ku kama masauki da wuri, lokacin garin cika yake.